Husufi, Rahu da Inuwar Duniya: Ina Iyakar Kimiyya, Ina Hurumin Addini?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, ina karatun injiniya a Indiya. Abokin ɗakina mabiyin addinin Hindu ne, kuma babu wanda ya kai shi iya lissafi a ajinmu. Daren da aka yi husufin wata na ga ya ƙi cin abinci har aka gama, sannan ya yi wanka, ya ce Rahu ne ya haɗiye wata. Da na tuna masa da inuwar duniya da aka koya mana, sai ya ce ai duk kimiyyar zamani tana cikin littattafansu na Veda tun dubban shekaru. Abin ya tsaya mini a rai, domin mu ma muna sallar husufi. Shin kimiyya da addini karo suke yi da juna, kuma mene ne aikin falsafa a tsakaninsu?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta faɗo a kan gaɓa, domin da za a ce in zaɓi misali guda ɗaya tak in koyar da wannan mas'ala da shi, husufi zan zaɓa. Abu ne da ake iya lissafa lokacinsa har zuwa daƙiƙa, kuma duk da haka da wuya ka sami al'ummar da ba ta rataya masa wata ma'ana ba. Mu nan gida iyayenmu kan ce wata ya yi zazzaɓi, ko rana ta kama wata, yara su fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna kaɗawa don a sake shi. Ranar Laraba 29 ga Maris na shekarar 2006 ina Katsina lokacin da kusufin rana cikakke ya ratsa ta kanmu da hantsi. Na ga hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganyen dalbejiya ya koma ƙananan lauje-lauje a kan ƙasa, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, sannan duhu ya sauko na 'yan mintoci. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda tun mako guda kafin ranar ya ji sanarwar lokacin a rediyo, ya dubi agogonsa ya ga abin ya zo daidai, ya ce Allahu akbar, ya wuce masallaci. Sanin lokacin bai rage masa ko ƙwayar zarra na girmama abin da ya gani ba, kuma yawancin abin da zan faɗa maka bayani ne a kan dalilin da ya sa dattijon nan bai yi tufka da warwara ba.

Yadda abin yake aukuwa ka riga ka sani, saboda haka zan taƙaita. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maidowa. Idan duniya ta shiga tsakaninsa da rana a daren da ya cika, inuwarta ta faɗa masa, an yi husufin wata. Idan shi ya shiga tsakaninmu da rana a ƙarshen wata, an yi kusufin rana. Abin da ya hana hakan faruwa kowane wata shi ne hanyar da wata yake bi ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da muke ganin rana tana bi, kuma hanyoyin biyu ba sa gittawa sai a wurare biyu. Sai an dace wata yana kusa da ɗaya daga cikin mahaɗun nan biyu ake yin husufi. Ka riƙe zancen mahaɗun nan, domin Rahu yana ɓoye a cikinsu.

Labarin Rahu kuwa tsoho ne a littattafan Hindu. An ce alloli da aljanu sun haɗu sun burga teku don fitar da ruwan dawwama, sai wani aljani ya yi shigar burtu ya zauna cikin alloli ya kurɓa. Rana da wata suka tona masa asiri, Vishnu, ɗaya daga manyan allolinsu, ya fille masa kai kafin ruwan ya wuce maƙogwaro, kan ya dawwama, kuma shi ne yake bin rana da wata yana haɗiye su don ramuwa, su kuma su fice ta yankakken wuya. A kan wannan labari aka gina al'adu masu yawa: ƙin cin abinci, wanka bayan husufi ya yaye, sadaka, rufe ƙofofin manyan wuraren bauta har a gama, da hana mata masu ciki fita waje.

Abin da nake so ka faɗa wa abokinka, cikin ladabi, shi ne bayanin inuwa ba baƙo ba ne a ƙasarsu, kuma ba Turawa suka kai musu shi ba. Aryabhata, wanda aka haifa a shekarar 476, ya rubuta littafinsa na lissafi da falaki a 499 yana da shekara 23, kuma a ciki ya bayyana cewa wata ne yake rufe rana, inuwar duniya kuma ita take rufe wata. Har ya ƙara da cewa duniya ce take juyawa, kuma taurari suna bayyana kamar suna tafiya ne yadda mai tafiya a kwalekwale yake ganin abubuwan da ke tsaye a bakin kogi suna komawa baya. A ƙarni na 6 Varahamihira ya bi sahunsa a kan husufi, ya jero hujjoji cewa ba wani kai ne yake haɗiye komai ba. Sai ga Brahmagupta, gwanin da a shekarar 628 ya shimfiɗa ƙa'idojin lissafi da sifiri, ya fito ya soki waɗannan magabata, ya ce masu kore Rahu sun saɓa wa Veda da littattafan shari'arsu, kuma idan maganarsu ta tabbata to wanka da sadakar da mutane ke yi lokacin husufi sun tashi a banza. Bayan ya faɗi haka, a cikin littafin nan dai, sai ya zauna ya lissafa faɗin wata da faɗin inuwar duniya ya fitar da lokutan husufi da hanyar mutanen da ya soka.

Wanda ya kama shi a kan wannan wani malami ne Musulmi, Abu Raihan Albiruni, mutumin Khwarizm da aka haifa a 973, wanda Sarki Mahmud na Gazna ya tafi da shi fadarsa a 1017. Albiruni ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya fassara littafin Patanjali na Yoga zuwa Larabci, sannan wajen shekarar 1030 ya kammala littafinsa a kan Indiya mai babi 80. Ni a ganina babu wanda ya kamata ɗalibi Musulmi da ke zaune a Indiya ya yi koyi da shi kamar wannan bawan Allah, domin ya ɗaukar wa kansa alkawarin kawo maganar mutane yadda suke faɗarta, ko da ta saɓa wa aƙidarsa, kuma ya cika alkawarin. Da ya zo kan Brahmagupta sai ya tuhume shi kai tsaye: in har ka yarda kan Rahu ne yake haɗiye wata, me ya kai ka auna inuwa? Amma bai tsaya a zargi ba, ya nema masa uzuri, ya ce mai yiwuwa wani matsi ne irin wanda ya sami Sukurat na Girka ya tilasta masa faɗar abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, ga shi kuma yana da shekara 30 kacal lokacin da ya rubuta littafin. Malaman falakin Indiya kuwa sun sami hanyar sulhu wadda har yau take aiki: suka sa wa ɗaya mahaɗar suna Rahu, ɗayar kuma Ketu. Don haka idan mai haɗa kalandar Hindu ya ce wata ya isa wurin Rahu, lissafinsa daidai ne, kuma ba lallai ne yana nufin akwai wani kai da ke yawo a sama ba. Ka fara tambayar abokinka wane Rahu yake nufi kafin ku shiga gardama.

Ta ɓangarenmu kuma maganar ta zo da sauƙi tun farko. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana a Madina, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi (SAW) ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan an ga haka a roƙi Allah a yi salla har ya yaye. Ka lura da abin da hadisin ya yi: ya kore camfi, ya koyar da ibada, kuma bai ce uffan a kan inuwa ko falaki ba, ya bar wannan ga masu bincike. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma ake yawan zargi da cewa shi ya kashe falsafa a duniyar Musulmi, ya kawo wannan hadisi a gabatarwar littafinsa na raddi ga masana falsafa, Tahafutul Falasifa, ya ce babu abin da ke cikinsa da ya ƙaryata lissafin husufi. Ya ce duk wanda ya ɗauka musanta wannan lissafi hidima ce ga addini, to ya cuci addini, domin mutumin da ya ga hujjar handasa da idonsa, har yana iya faɗar lokacin husufi da tsawonsa, idan aka ce masa wannan ya saɓa wa shari'a ba lissafin zai yi shakka ba, shari'ar zai yi wa shakka. A cikin mas'aloli 20 da ya yi jayayya da su a kai, uku kaɗai ya kai ga kafirtawa, wato cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musanta tashin jikkuna, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake warwarewa da na'urar hangen nesa. Ibn Taimiyya ma, wanda ya saɓa wa Gazali a abubuwa da dama, ya tabbatar da cewa husufi yana da lokuta ƙayyadaddu da ake sani ta hanyar lissafi, kuma faɗar su ba da'awar sanin gaibu ba ce.

Yanzu bari in zo kan aikin falsafa, kuma zan fara da abin da ake karantarwa a zaurukanmu, domin sau da yawa muna zuwa nesa neman abin da ke cikin gafakarmu. Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma aka daɗe ana karanta littattafansa na tauhidi a ƙasar Hausa da Borno, ya kasa hukunci gida uku: na shari'a, na al'ada da na hankali. Hukuncin hankali shi ne abin da hankali kaɗai yake yankewa, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne, ko abu ba ya zama yana motsi kuma yana tsaye a lokaci guda. Hukuncin shari'a shi ne abin da ba a saninsa sai ta wahayi, kamar wajabcin salla. Hukuncin al'ada kuwa shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu ta hanyar maimaituwa, tare da yiwuwar wata rana abin ya saɓa, kamar ƙoshi bayan cin abinci ko ƙuna bayan taɓa wuta. Abin da muke kira kimiyya a yau hukuncin al'ada ne da aka ɗaure shi da awo da lissafi da gwaji, aka kuma buɗe shi ga kowa ya sake gwadawa. Wannan ba rage mata daraja ba ne ko kaɗan, domin da shi ake tashin jirgi ake kuma yin tiyata. Falsafa, a wannan fage, ita ce aikin tsayawa a tambayi kowace magana: ke wane irin hukunci ce, kuma da wane mudu za a auna ki? Yawancin abin da mutane ke kira karon kimiyya da addini yana tasowa ne daga auna magana da mudun da ba nata ba.

Malaman Hindu sun yi zurfi ƙwarai a kan wannan tambaya, kuma nan ne nake ganin ɗalibi zai fi amfana da su. Da farko ka sani addinin Hindu ba aƙida ɗaya ba ce mai shugaba ɗaya. A falsafarsu ta gargajiya ana lissafa mazhabobi 6 da suka yarda da Veda, wato Nyaya, Vaisheshika, Samkhya, Yoga, Mimamsa da Vedanta, kuma saɓanin da ke tsakaninsu ya kai har kan samuwar mahalicci: mutanen Nyaya sun rubuta hujjoji na hankali don tabbatar da shi, alhali Samkhya ta asali da Mimamsa ba su ga buƙatarsa a tsarinsu ba. Abin da ya haɗa su shi ne kowa sai ya fara bayyana hanyoyin sani da ya yarda da su, waɗanda suke kira pramana, kafin ya faɗi aƙidarsa. Nyaya ta yarda da huɗu: gani da sauran gaɓoɓin ji, kafa hujja da alama, kwatantawa, da maganar amintacce, wadda nassi yake cikinta. Misalin da suke koya wa yara shi ne na dutse da hayaƙi: akwai wuta a kan dutsen can, domin akwai hayaƙi, duk inda hayaƙi yake akwai wuta, kamar yadda ake gani a madafa, dutsen nan yana da hayaƙi irin wannan, saboda haka akwai wuta a kansa. Ka ga sun wajabta kawo misali daga abin da ido ya taɓa gani a tsakiyar hujja, wanda hakan ya kusantar da manɗiƙinsu ga tunanin mai gwaji.

Akwai kuma wasu da ake kira Charvaka, waɗanda suka ƙi Veda da lahira baki ɗaya, kuma galibin abin da ya iso mu na maganarsu ta bakin abokan hamayyarsu ya zo. Su suka yi tambayar da har yau take ci wa masana falsafar kimiyya tuwo a ƙwarya: wa ya ga duk hayaƙin duniya, na jiya da na gobe, har ya yanke cewa kullum da wuta yake tafiya? Ita ce tambayar da Gazali ya yi da misalin wuta da auduga, inda ya ce abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta auku lokacin da suka haɗu, bai ga wajabcin hakan ba, kuma ita David Hume na Sikotland ya sake tayarwa a ƙarni na 18. Mutum uku masu aƙidu uku da ba sa ga maciji, sun tsaya a gaban ƙofa ɗaya. Abin da wannan yake nunawa shi ne kimiyya kanta tana tsaye a kan wani zato da ba ta iya tabbatarwa da gwaji, wato cewa tsarin halitta zai ci gaba gobe yadda yake yau. Mumini yana kiran wannan sunnar Allah a cikin halittarsa, wani yana kiransa dokar ɗabi'a ya yi shiru, amma dukkansu sun yarda da shi kafin su shiga ɗakin gwaji.

Wata magana da za ta yi wa abokinka nauyi ita ce ta Shankara, babban malamin Vedanta na wajen ƙarni na 8, wanda babu mai zarginsa da raina Veda. A sharhinsa na Gita, ɗaya daga littattafansu masu tsarki, ya ce ko da nassi ɗari za su ce wuta sanyi gare ta ko ba ta da haske, ba za a karɓi zahirinsu ba, sai a nemi wata ma'ana da suke nufi, domin hurumin nassi shi ne abin da ido da hujja ba sa kaiwa gare shi. Ka gwama wannan da abin da Ibn Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya faɗa cewa gaskiya ba ta karo da gaskiya, sai dai ta yi mata shaida, za ka ga manyan kowane gida sun san inda iyaka take.

To ina gaskiyar cewa duk kimiyya tana cikin Veda? Akwai abin alfahari na haƙiƙa, kuma bai kamata ka tauye masa shi ba. Littattafan Sulba, waɗanda aka rubuta ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS) don koyar da yadda ake gina wurin hadaya da bulo a kan awo, suna ɗauke da ƙa'idar nan ta kusurwa da ake jingina wa Fisagoras. Buƙatar ibada ce ta haifi handasa a nan, kamar yadda neman alƙibla da lokutan salla da rabon gado suka zaburar da lissafi a wurin Musulmi. Wajen shekarar 773 wani masani daga Indiya ya isa fadar Halifa Mansur a Bagadaza da littafin falaki, aka fassara shi da sunan Sindhind, daga baya kuma Alkhawarizmi ya rubuta littafi a kan lissafin mutanen Indiya. Kalmar shunya tasu, mai nufin wofi, ita Larabawa suka fassara da sifr, har ta iso mu muke cewa sifiri. A ƙarni na 14 Madhava na Kerala ya gano jerin lissafi marasa iyaka da Turai ba ta kai gare su ba sai bayan shekaru fiye da 200. Amma duk waɗannan aikin mutane ne da suka zauna suka auna suka yi kuskure suka gyara, ba a tsince su a cikin waƙoƙin Veda ba.

Da'awar cewa komai yana cikin Veda kuwa sabuwa ce, ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 19 ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, lokacin da mutane irin su Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, suke neman maido wa jama'arsu martabar da aka taka. Ina fahimtar zafin da ya haifar da ita, amma fahimtar dalili ba ta mai da magana gaskiya. Littafin nan na jiragen sama da ake cewa na zamanin da ne, Vaimanika Shastra, an rubuta shi ne tsakanin 1918 da 1923, kuma a 1974 masana daga Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore suka bi zane-zanensa ɗaya bayan ɗaya suka nuna jiragen ba za su tashi ba. Haka nan za ka ji ana cewa yini ɗaya na Brahma, abin bautar da suke jingina wa halitta, yinin da suke kira kalpa, shekara biliyan 4 da miliyan 320 ne, kuma wannan ya yi kusa da shekarun duniya da kimiyya ta auna, kimanin biliyan 4 da miliyan 540. Kusancin yana da ban sha'awa, kuma gaskiya ne cewa tunanin Hindu ya saba da dogayen zamuna tun da daɗewa. Sai dai adadin kalpa an same shi ne ta ninka 432,000, kuma a lissafinsu abin da ya shuɗe na wannan kalpa bai kai biliyan 2 ba. Adadin kimiyya kuwa Clair Patterson ya fitar da shi a 1956 ta auna dalma a cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, kuma duk mai kayan aiki yana iya sake awon ya ƙaryata shi in ya samu kuskure.

Adalci ya wajabta in ce mu ma muna da irin wannan ɗabi'a, ta ɗauko kowane sabon bincike a ce ai aya kaza ta riga ta faɗa. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya yi gargaɗi a kan masu cusa wa Alƙur'ani kowane fanni na mutanen da da na yanzu. Haɗarin a fili yake: sakamakon kimiyya yana canzawa idan sabon awo ya zo, kuma wanda ya ɗaure aya a jikin nazariyyar bana ya jawo mata tuhuma ranar da nazariyyar ta faɗi. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam wanda a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, ya gane wannan sarai. Lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna binciken ya tabbatar da labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su, alhali shi mai imani ne da halittar.

Ƙetare iyaka ta ɗaya ɓangaren ma yana nan, kuma a jami'a shi za ka fi haɗuwa da shi. Wanda ya ce babu abin da yake gaskiya sai abin da aka auna, ka tambaye shi a wane ɗakin gwaji aka auna wannan jimlar tasa. Magana ce ta falsafa da ta sa rigar kimiyya. Gazali ya hango wannan ma, inda ya ce ɗalibi yakan ga ƙarfin hujjar masu lissafi sai ya ɗauka duk abin da suka faɗa a kan Allah da lahira haka yake da ƙarfi, alhali gwani a fanni ɗaya ba lallai ne ya zama gwani a wani ba. Ɗauki misalin da muke gani a asibitocinmu: saurayi da budurwa sun yi gwajin jini, duka biyu AS ne, likita ya ce kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da sikila. Wannan adadi hukuncin al'ada ne tabbatacce, kuma wanda ya ce tawakkali ya soke shi ya jahilci tawakkali. Amma ko ya dace su haƙura da juna, da nauyin da ke kansu game da yaron da ba a haifa ba, da abin da za su yi da soyayyar shekara biyar, babu na'urar da za ta fitar da amsar. Nan addini da tunanin ɗabi'a suke magana, kuma suna magana ne da adadin likita a gabansu.

Kada ka fahimce ni da cewa komai ya daidaita. Labarin cewa kimiyya da addini yaƙi suke yi tun fil'azal ya yaɗu ne ta littattafan wasu Amurkawa biyu, Draper a 1874 da White a 1896, kuma masana tarihin kimiyya na yau sun nuna an yi masa ƙarin gishiri, amma shari'ar da aka yi wa Galileo a 1633 ta faru da gaske, kuma akwai wuraren da har yanzu ake ja, kamar asalin ɗan'adam da haƙiƙar rai. Haka kuma kamancen da na nuna maka tsakanin malamanmu da nasu kamance ne a hanyar tunani, ba a aƙida ba. Albiruni ya rubuta cewa masu ilimi daga cikin Hindu suna cewa Allah ɗaya ne, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, amma koyarwar Shankara cewa ran mutum da Brahman, wato haƙiƙa maɗaukakiya da suke ganin ita ce asalin komai, abu guda ne ta yi hannun riga da tauhidin da ya raba Mahalicci da abin halitta, kuma sake haihuwa bisa karma, wato sakamakon ayyukan mutum, ba ita ce tashin alƙiyama ba. Kimiyya ba za ta raba wannan gardama ba, domin babu ɗaya daga cikin da'awowin da yake shiga ma'auninta. Hujjar hankali da ta wahayi ake bajewa, kowa ya ɗauki nauyin abin da ya zaɓa. Srinivasa Ramanujan, wanda ya rasu a 1920 yana da shekara 32, yana jingina basirarsa ta lissafi ga Namagiri, abar bautar gidansu, abokin aikinsa Hardy na Kambirij kuma bai yarda da samuwar Allah ba sam. Sun yi aiki tare shekara 5, kuma kowace ƙa'ida da Ramanujan ya kawo sai da aka nemi hujjarta ta lissafi kafin a karɓa, wasu kaɗan ma aka same su da kuskure.

Saboda haka idan kun sake zama da abokinka, ka rarrabe masa maganarsa gida uku. In ya ce yana barin abinci yana wanka ne don ibada da bin iyayensa, wannan addininsa ne, ba ka bin sa a kai, kuma ba ka da hujjar awo da za ka rusa shi da ita, kamar yadda shi ma ba shi da wadda zai rusa sallarka. In ya ce abinci yana lalacewa lokacin husufi, ko jaririn da ke ciki yana nakasa, to ya shigo filin awo, kuma a nan babu shaidar da ta goyi bayansa. Cutar da aka tabbatar ita ce ta kallon rana kai tsaye lokacin kusufi ba tare da tabarau na musamman ba, wanda yake iya ƙona ido. In kuma ya ce Veda ta riga ta faɗi komai, ka roƙe shi ya fitar da abu guda daga cikinta wanda masana ba su gano ba tukuna, a rubuta a ajiye, a jira gwaji. Kai ma ka yarda ya yi maka irin wannan tambaya a kan duk abin da ka jingina wa addininka na sha'anin awo.

Akwai dama a gabanku ta ganin abin tare. Ranar Litinin 2 ga Agusta na 2027 za a yi kusufin rana cikakke da zai ratsa arewacin Afirka, duhunsa ya wuce minti 6 a kusa da Luksor ta Masar, sannan ya tsallaka Bahar Maliya ya rufe Jidda da Makka bayan Azahar. A arewacin Najeriya da Nijar da yammacin Indiya wani sashe na rana ne kawai zai rufe. Ku ɗauko alƙaluman tun yanzu, ku lissafa lokacin da zai fara a garin da kuke da hanyar da aka koya muku a aji, sannan ku nemi kalandar da iyayensa suke amfani da ita ku ga ƙarfe nawa ta ce wata zai isa wurin Ketu, domin a kusa da wannan mahaɗar ce kusufin zai auku.